Ya tuba ya koma, ya sake tuba ya sake komawa: me ke mayar da maigidana ga giya?

"Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce a Agege, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana direban tanka ne, a Apapa yake lodi. Shekara biyar da suka wuce motarsa ta faɗi a hanyar Ibadan ta kama da wuta. Shi ya fita da ƙuna a hannu, yaron motarsa kuwa ya ƙone a gabansa. Kafin nan ko taba ba ya sha, bayan abin ne na fara jin warin giya a bakinsa. Ya sha tuba, ya yi kuka, ya rantse. Azumin bana gaba ɗaya bai sha ba, amma sati biyu bayan Sallah ya koma, har ya fi da. Idan ya bari ba ya barci, yana zabura da ihu cikin dare, ba ya son ƙaurin nama, wani lokaci ya kwana uku a ɗaki ba magana. Kwanan nan ya ce min da ma shi ne ya mutu a wutar. 'Yan'uwansa sun ce sammu ne, yayana ya ce iskanci ne kawai, in nemi takardata. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. Likita, giyar ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, ko wani ciwo ne yake mayar da shi gare ta? Me zan yi?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan yaron nan, Ya ba ki ladan haƙurin da kike yi. In na fahimce ki, so kike ki san wanne ya haifi wanne: giya ce ta jawo rashin barci da ƙunci, ko su ne suke kora shi wajen giya. Zan zo kan wannan. Amma akwai magana ɗaya a wasiƙarki da ba za ta jira ba.

Mutumin da ya ce da ma shi ne ya mutu, kuma yana shan giya, ba a ɗaukar maganarsa a sambatun maye. Giya tana kawar da tunanin abin da zai je ya dawo, sai abin da mutum ya yi watanni yana saƙawa a zuci ya aikata shi a dare ɗaya. Ki nemi lokacin da yake cikin hayyacinsa, yara ba sa kusa, ki tambaye shi ba kwana-kwana: "Baban yara, ka taɓa tunanin kashe kanka?" Mutane suna tsoron kada tambayar ta saka masa abin a ka. Ba ta sakawa, an bincika wannan sosai, yawanci ma sauƙi mutum yake ji don an buɗe masa ƙofar magana. In ya ce e, ko ya yi dogon shiru, ko kika ga ya fara raba kayansa yana barin wasiyya, a ranar za a kai shi asibiti. Daga Agege, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja ya fi kusa. Akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, da na koyarwa da ke Idi-Araba. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767. Tun yau ki kawar da maganin ƙwari irin su fiya-fiya da duk wani tarin ƙwayoyin magani daga ɗaki.

Aikin da giyar take yi masa

Ban ga maigidanki ba, ban auna shi ba, kuma ba a yanke wa mutum ciwo daga wasiƙa. Sai dai bayaninki ya yi kama ƙwarai da ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Likitocin ƙwaƙwalwa sun ba shi gurbi a kundin cututtukansu tun 1980, bayan abin da aka gani a sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Mai wannan ciwo, abin da ya gani yana dawo masa ba da son ransa ba, a mafarki ko ido biyu, kuma yana jin sa kamar yanzu yake faruwa, har da wari da zafi. Yana gudun duk abin da zai tuna masa. Jikinsa kullum a ɗar-ɗar, ƙaramar ƙara ta sa ya zabura, ƙaramin abu ya harzuƙa shi. Sannan ga zargin kai. Ƙaurin naman da kika ambata ya shiga nan, haka ihun dare, haka "da ma ni ne." Yawancin waɗanda suka ga masifa irin wannan suna farfaɗowa da kansu cikin makonni. Idan abin ya haura wata guda kuma ya hana mutum gudanar da rayuwarsa, to ya zama ciwo, balle shekara biyar.

Legas cike take da irinsa a cikin mutanenmu: waɗanda suka gudo daga Borno da Yobe suka kama acaɓa, waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga Zamfara da Katsina, waɗanda suka ga rikicin Idi-Araba na 2002 ko na kasuwar Mile 12 na 2016. Akwai wani matashi da na duba, na sauya wasu bayanansa don sirri. Ya ƙi zama a kujerar da na nuna masa saboda ta ba ƙofa baya, sai da ya ja ta ya jingina da bango. Muna cikin magana aka tayar da janareta, ya yi tari ɗaya mai ƙara, sai ga shi a tsaye, hannunsa dafe da aljihun wando. Ledojin giya ne a ciki, irin ƙananan nan da ake sayarwa a bakin tasha. Da ya zauna ya ce, "Likita, wallahi ba daɗinta nake ji ba, ɗaci gare ta. Barci nake saya."

Tunda maigidanki direba ne, bari in yi misali da mota. Ƙwaƙwalwa tana da birki tana da totur. Giya birki take takawa: tana ƙarfafa sinadarin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa, wanda ake kira GABA, tana danne mai zaburar da ita, wato glutamate. Mutumin da firgici ya hana sakat, in ya sha sai ya ji jikinsa ya saki. Amma idan aka yi watanni ana taka birkin nan kullum, ƙwaƙwalwa sai ta ƙara totur don tafiya ta daidaita. Ranar da aka ɗage ƙafa daga birki farat ɗaya, totur ɗin yana nan a sama, mota ta zabura. Shi ne rawar hannu, gumi, bugun zuciya da faɗuwar gaba da ake gani idan mashayi ya bari.

Barci ma haka ne. Giya tana danne matakin barcin da ake mafarki a cikinsa, shi ya sa yake samun 'yan sa'o'i ba tare da ya ga wutar ba. Da ta sake shi wajen asuba, ko ya bar sha, mafarkin sai ya dawo da ƙarfin da ya fi na da, kuma yana iya ɗaukar makonni kafin ya lafa. Abin da kika lura da shi daidai ne: ya fi shan wahala idan ya bari. Shi kuma a nasa lissafin sai ya ga ai giyar ce maganinsa. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Edward Khantzian, ya yi bayanin wannan a 1985, cewa da yawan masu shaye-shaye wani ciwo suke wa kansu magani da abin da hannunsu ya kai gare shi.

Don haka amsar tambayarki ita ce duka biyun. Wutar ce ta fara, giya ta ɗora, yanzu kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. In aka raba shi da kwalba aka bar shi da daren da yake gudu, zai koma, komai yawan rantsuwa.

Me ya sa ya iya a azumi, ya kasa bayan Sallah

Na san abin da 'yan'uwa suke cewa: ai da ya ga dama ya bari wata guda cur, ashe da gangan yake. Ni ba haka nake karanta abin ba. Ki duba yadda daren azumi yake. Daga buɗa-baki sai asham, sai tafsiri, sai hira a ƙofar masallaci, a goman ƙarshe ga tahajjud, kafin a ankara lokacin sahur ya yi. Mutumin da babban maƙiyinsa shi ne kwanciya cikin duhu da shiru ya samu wata guda da kusan ba a bar shi shi kaɗai da dare ba. Kowa ido biyu, rashin barcinsa ya ɓace a cikin na jama'a. Ga kuma kwarjinin watan a zuciyar Musulmi, wanda ba na raina shi.

Bayan Sallah kowa ya koma barcinsa. Shi kuma ya koma Apapa: warin fetur, layin lodi na kwana da kwanaki, kwana a cikin mota, sannan ya bi ta hanyar da abin ya faru. Mai sayar da paraga, wato giyar da ake jiƙa saiwoyi a ciki, tana nan a bakin gareji, abokan sha suna nan. Hukumar NAFDAC ta sanar da hana giyar leda tun farkon 2024, an yi ta kai-komo a kan dokar, amma duk mai zuwa tashoshin Legas ya san ba ta yi wuyar samu ba. Sati biyun da ya yi yana jurewa, a wurina ƙoƙari ne.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washington, Alan Marlatt, ya bi diddigin waɗanda suka koma sha bayan sun bari. Abin da ya fi mayar da su, wajen kashi ɗaya cikin uku, ɓacin rai ne, ƙunci, fushi da kaɗaici. Sai rigima da wani, sai matsin abokai. Ya kuma lura da abin da ke faruwa bayan kurɓar farko: mutum ya ce tunda na karya, ni ba mutumin kirki ba ne, sai ya saki jiki gaba ɗaya. A wajenmu wannan ya fi tsanani, domin ba alƙawari kawai ya karya ba, rantsuwa ce da Allah. Kunyar ta zama sabon ciwo, kuma magani ɗaya ya sani. Shi ya sa na kan roƙi iyalai su daina sa mashayi dafa Alƙur'ani. Ki kuma sani cewa ko a cikin waɗanda suka samu magani na asibiti, kashi 40 zuwa 60 cikin 100 suna komawa cikin shekara, kusan daidai da yadda hawan jini ko asma ke tashi bayan sun lafa. Komawa alama ce ta a sake duba maganin.

Ƙuncin na giya ne ko nasa ne

Kwana ukun da yake yi a ɗaki ba magana yana iya zama ciwon damuwa. A nan ne aikinmu yake da wuya, domin giya ita kaɗai tana kawo ƙunci mai kama da ciwon damuwa sak. Wani bincike da aka wallafa a 1988, a asibitin tsofaffin sojoji da ke San Diego, ya samu kashi 42 cikin 100 na mashayan da aka kwantar suna da alamun damuwa mai tsanani a farko, amma bayan sati huɗu ba sha, kashi 6 ne kawai suka rage. Wato da yawa ƙuncinsu yana tafiya da giyar. Waɗanda nasu bai tafi ba, ko ya riga shan farawa, su ne masu ciwon damuwa mai zaman kansa.

Abin da nake yi a ɗakin duba marasa lafiya, takarda nake ɗauka in ja dogon layi, in ce a jera min shekaru: yaushe hatsarin, yaushe barci ya lalace, yaushe kurɓar farko, yaushe aka bari, yaya ya kasance a lokacin. Matar gida takan fi mai ciwon tunawa. Ke kina da wata shaida mai daraja, wato azumin nan. Ki tuna goman ƙarshe: yana cin abinci? Yana wasa da yara? Ko yana nan dai shiru, ba ya jin daɗin komai? In ya washe, alama ce mai kyau. In bai washe ba, likita yana buƙatar ya ji haka.

Za a kuma tambaye ki ko ya taɓa yin kwanaki yana barcin awa biyu ko uku amma cike da kuzari, surutu ba tsayawa, kashe kuɗi ba lissafi, jin shi wani ne. Wannan alamar ciwon yanayi mai hawa da sauka ce. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1990 ya nuna kusan rabin masu nau'insa mai tsanani sun taɓa samun matsalar giya. Muhimmancin tambayar shi ne maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura irin wannan mutum, maganinsa daban ne. Za a tambayi ƙuruciyarsa ma, domin wanda ya tashi cikin duka, yunwa ko maraici, masifar girma ta fi yi masa illa.

Yadda magani yake tafiya

Farko a raba jikinsa da giya cikin aminci. Wanda yake sha kullum kada ya tsaya farat ɗaya a gida. Rawar jiki tana farawa cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, farfaɗiya tana iya zuwa a kwana biyun farko, daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu suna ruɗewa, su riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango, jiki ya yi zafi. Sau da yawa a nan ake cewa aljanu ne, a kira mai ruƙiyya, alhali yanayi ne da ke iya kisa. Kuma yawan bari da komawa yana sa kowane bari ya fi na baya tsanani, don haka tsira da ya yi a farkon azumi ba tabbaci ba ne ga na gaba. A asibiti ana ba da diazepam ko danginsa na 'yan kwanaki ana ragewa, da sinadarin thiamine don kare ƙwaƙwalwa, a auna hanta. Kada ki bari ya ci gaba da sayen diazepam a kemis don barci. Ba ya warkar da firgici, kamu ne na biyu, kuma haɗa shi da giya yana iya tsayar da numfashi.

A da ana ce wa irinsa ya je ya bar giya wata shida tukun, sannan a taɓa maganar firgici, don tsoron kada tono ya mayar da shi sha. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna yin maganin biyun tare ba ya ƙara sha, kuma firgicin yana raguwa. Ni ma a kan haka nake. Babban maganin firgici zama ne da ƙwararren masanin halayya, yawanci zama 8 zuwa 16. A hankali zai ba da labarin ranar daki-daki, ya maimaita har jikinsa ya koyi cewa abin ya wuce, ya riƙa kusantar abubuwan da yake gudu, a kuma zauna a kan zargin da yake wa kansa: me mutum mai ƙuna a hannu zai iya yi a gaban tankar fetur da ke ci? Wannan daban yake da 'yan'uwa su tsare shi su ce sai ya faɗa. Kada a yi masa haka.

Ana haɗawa da ƙwaya irin sertraline, wadda ke taimaka wa damuwa da firgici, amma sai ta yi sati biyu zuwa shida kafin a ga aikinta, a nan da yawa suke yarwa. Akwai naltrexone mai rage ƙawar giya. Sai dai dole ya faɗi gaskiya in yana shan tiramadol ko kodin, kamar yadda direbobi da yawa suke yi don dogon tuƙi: naltrexone a kan su yana jefa mutum cikin azaba nan take, tiramadol kuma ba ya jituwa da sertraline, yana iya kawo farfaɗiya. Akwai disulfiram mai sa mutum amai da bugun zuciya in ya sha giya. Wasu iyalai suna neman irinsa su zuba a abinci a ɓoye. Kada ki kuskura, yana iya kisa. Kowane magani aka ba shi, ke ki riƙe, ki ba shi na kullum.

Matsaloli biyu zan faɗa miki tun yanzu. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane sama da miliyan 200, masu horo a kan firgici sun fi haka ƙaranci, don haka akwai layi da jira da kashe kuɗi. Na biyu harshe: mai yiwuwa likitan ba ya jin Hausa. In za a nemi tafinta, kada ya zama ke ko ƙaninsa. Akwai abin da namiji ba zai faɗa a gaban matarsa ba, kuma galibi shi ne ake nema.

Sai maganar tuƙi, wadda ba ta da daɗin ji. Mutumin da yake sha, ko yake cikin makonnin farko na bari, bai kamata ya ja lita 33,000 ko 45,000 na fetur a titi ba. Na san abincin gidanku ke nan. A samu dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa a ƙungiyarsu ta direbobin tanka, a nema masa aikin da ba na sitiyari ba na ɗan lokaci.

'Yan'uwa, malamai, da ke kanki

Ba na faɗa da addu'a, kuma ban taɓa ce wa mara lafiya ya bar malaminsa ba. Limamin da zai jawo shi sahu ya riƙa tambayarsa ya ya kwana, yana yin aikin da ni ba zan iya ba. A tuna wa masu zaginsa hadisin da Bukhari ya ruwaito, na mutumin da aka yi ta kawowa saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Abin da nake ƙi shi ne gidan mari. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina, wasu da sarƙa a ƙafa. Mai ciwon firgici in aka ɗaure shi aka doke shi, an ƙara masa wani firgicin ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi. In suka ce Yaba wurin mahaukata ne, a fara da Ikeja ko Idi-Araba, inda kowa yake shiga da nasa ciwon.

Ke kuma, kada ki yi masa magana a kan sha yana cikin maye, kuma ki daina yi masa ƙarya a wajen aiki ko biya masa bashin mai giya. Ku yi yarjejeniya yana cikin hayyacinsa: in ya kurɓa, ya faɗa miki a ranar, ba gori, a koma asibiti cikin satin. Maganar takarda ba tawa ba ce, ke da iyayenki kuka san abin da za ki iya ɗauka, kuma ba zan iya miki alƙawarin zai warke ba, ko da yake na ga waɗanda suka fi shi nisa sun dawo. Amma in ya fara dukanki ko dukan yara, ki kwashe su ki tafi inda za ku tsira, maganinsa ya ci gaba kuna nesa. In ke ma barcinki ya lalace ko kina yawan kuka, ki faɗa wa likitan, a duba ki.

Wajen kiransa asibiti, kada ki ce a je a raba shi da giya, ya riga ya ji wannan har ya gaji. Ki ce a je a nemi maganin barci da mafarkin nan, domin shi ne abin da shi kansa yake son ya rabu da shi. Ranar zuwa ki tafi da takardar shekarun da na ce, da kwalin duk wani magani da yake sha, har na gargajiya, da ƙiyasin leda ko kwalba nawa yake sha a rana da lokacin da ya sha ta ƙarshe. Maganar "da ma ni ne na mutu" kuma ki faɗa wa likitan da bakinki tun a zaman farko, ko da shi bai ɗauko ta ba.